Ranar da Na Shanya Faya-fayan Baba

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Agusta, a hutun da na gama aji huɗu na firamare, ana gab da kiran sallar azahar, na jingina tsani da bangon ɗakin girki na hau don in sauko da shanyar da na yi tun hantsi. Rana ta fito da ƙarfinta, irin fitowar da take yi bayan an kwana biyu ana ruwa, har kwanon rufin yana ƙona tafin hannu. Barkonon Dada, mahaifiyata, yana gefe guda a kan buhu, yankakkiyar kuɓewa tana ɗaya gefen, a tsakiya kuma faya-fayan garmahon Baba guda biyar da na jera da hannuna, baƙaƙe masu sheƙi. Sai dai ba yadda na ajiye su na same su ba. Kowanne ya lanƙwashe, bakinsa ya tashi nan ya faɗa can kamar ganyen kabewa da ya kwana a tsinke, ɗaya ma ya bi shacin kwanon ya yi tudu da kwari. Na tsaya a kan tsanin, ban ƙarasa hawa ba ban kuma sauka ba. Ladan ya fara kira, ni kuwa innalillahi kawai nake maimaitawa. Shekarata goma, amma na san girman abin da na aikata. Na lalata abu ɗaya tilo da yake sa mahaifina ya buɗe baki ya karɓi abinci.

Gidanmu yana unguwar Barade a Jalingo, a lokacin da Jalingo ba ta zama babban birnin jiha ba, muna ƙarƙashin Gongola, kuma daga tsakar gida kana iya hango duwatsu ba tare da wani bene ya tare maka ido ba. Ɗakuna uku ne na ƙasa da ɗakin girki, da rijiya mai bakin taya, da bishiyar mangwaro da kaji ke kwana a kai. Yayyena sun girma sun bar gida, saura ni da mahaifiyata, wadda muke kira Dada, da Baba. Da safe in share tsakar gida in cika randuna, in ɗauki tsintsiyata in tafi makaranta, inda muke yin carafke da 'yar gala-gala a gindin dalbejiya da 'yan matan Mumuye da na Jukun da na Fulani, kowa da irin Hausarsa kuma ba mai yi wa wani dariya. Da rana makarantar allo. Ran Asabar kuwa gona, a hanyar Kona, inda Baba ke noma masara da gyaɗa, ni aikina tsinto ciyawar da fartanya ta bari da kuma korar tsuntsaye.

Baba a ƙuruciyarsa direba ne. Ya tuƙa motar masu auna hanya a ƙarshen zamanin Turawa, kuma injiniyan da yake ɗauka baƙar fata ne daga ƙetaren teku, wanda bai ji Hausa ba, Baba kuma bai ji Turanci ba sai na birki da giya. A daji suke yada zango na makonni. In an tashi aiki injiniyan ya fito da ƙaramin garmaho mai batir ya ɗora a kan gaban mota, su zauna su biyu suna ji. Da zai koma ƙasarsu sai ya bar wa Baba garmahon da faya-fayi biyar, ya sa tafinta ya gaya masa sunan kiɗan jaz, kuma duka biyar ɗin a shekara guda aka yi su, shekarar da shi injiniyan yake ganin ba a taɓa yin kamarta ba a wannan kiɗa. A bayan kwalin kowanne akwai lambar shekarar, 1959. Baba bai karanta boko ba amma direba ya san lamba, yakan ɗora yatsa a kai ya ce, "Shekarar da ta gabaci 'yancin kai ke nan. Muna nan muna fasa dutse, su suna can suna hura ƙaho."

Da yake ba ya iya karanta sunayen da ke jiki, sai ya raɗa musu nasa, ya rubuta da alƙalamin kara da tawada, da ajami, a saman kowane kwali. Akwai Gardamar Ƙaho Biyu, inda masu busa biyu ke mayar wa juna magana har sai mai ganga ya shiga tsakani. Akwai Tafiyar Agwagwa, mai wani taku da in ka ce za ka bi shi da ƙafa sai ka yi tuntuɓe. Akwai Yayyafi, wanda kusan duk fiyano ne, mai gangarsa kuma kamar shara yake yi da tsintsiya a kan tabarma. Akwai Kasuwa Ta Watse, mai hayaniya da sauri. Na biyar, wanda ya fi so, shi ne Komawa Gida. Wannan yana farawa da wata babbar garaya mai kauri, ita kaɗai, a hankali kamar takun wanda ya yini a gona, sai fiyano ya ɗiga sau biyu sau uku, can sai ƙaho ya shigo da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai sallama a ƙofar gidan da ya daɗe bai zo ba. A kan waɗannan kwalaye na fara haɗa baƙaƙen ajami, tun kafin Malam ya fara rubuta mini a allo. Baba ya riƙe yatsana ya bi da shi a kan rubutun, in na haɗa daidai ya sa mini faifan da na karanta.

Mutum ne mai ibada, kuma ya yi wa abin ƙa'ida da kansa. Ba a kunnawa sai bayan la'asar, faifai ɗaya, fuska ɗaya. Da zarar ladan ya yi gyaran murya ya ɗaga allura. Akwatin ƙarfen da yake ajiye su a ƙasa yake, gafakar karatunsa kuwa tana rataye can sama, ba ya haɗa su wuri guda. Da azumi akwatin a kulle yake har sai an ga wata. "Wannan ba kiɗan rawa ba ne, Dije," yakan ce mini. "Hira ce. Kowa ana ba shi dama ya faɗi nasa, ba mai katse shi, in ya gama a koma kan maganar da aka faro." Dada ba ta taɓa yarda da wannan bayani ba. Ita kukan shanu take kiran abin. In ta ji ƙahon ya tashi sai ta ce, "To, shanun malam sun fara, bari in ɗora tukunya." Shi kuma ya amsa mata cewa a duk shanun Fulani waɗannan ne kaɗai ba sa cin dusa. Kullum maganar ke nan, kullum kuma sai sun yi dariya kamar ranar suka fara yin ta.

A farkon daminar wannan shekara Baba ya faɗi a gona yana huɗa. Maƙwabtan gona suka kawo shi gida a bayan akori-kura. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. An yi asibiti mako biyu aka ce a koma gida a ci gaba da jinya. Aka mayar da shi ɗakin Dada don ta riƙa juya shi. An yi rubutu an yi tofi, dangi sun zo sun tafi, amma abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ya ƙi abinci. Yana iya haɗiya, don ruwa yana wucewa, amma da cokalin kunu ya doshi bakinsa sai ya danne haƙora ya rufe ido. Mutumin da ya saba ɗaukar buhun masara shi kaɗai, ga shi ana goge masa yawu da tsumma. Ina ganin ransa ne ya ƙi. Wuyansa ya rame har ina iya ƙirga jijiyoyin. Wata la'asar, ban shawarci kowa ba, na ɗauko garmahon na kawo ɗakin na sa Komawa Gida. Dada ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga yatsan Baba na hagu yana ɗagawa yana sauka a kan tabarma. Da ƙahon ya shigo ya buɗe ido. Ta yi maza ta kai cokali, ya karɓa. Daga ranar abin ya zama aikina. Kullum bayan la'asar in je ɗakinsa in ɗauko faifai, in karanta masa sunan da ya rubuta, in sa, Dada ta ba shi kunu ko tuwo mai ruwa-ruwa. Abinci ɗaya ke nan a yini, kuma in ba kiɗan ba ya ci. Dada ba ta sake kiran abin kukan shanu ba.

Sai ruwan nan ya zo. Ya fara ran Talata, bai ɗauke ba sai wayewar garin Alhamis, kuma da gari ya waye muka tarar bangon bayan ɗakin Baba ya zube, ruwan laka ya shiga har gwiwa. Gafakar da ke sama ba abin da ya same ta. Akwatin ƙarfen kuwa ya cika da ruwa. Kwalayen sun jiƙe sharkaf, tawadar Baba ta narke ta zama baƙin tabo, faya-fayan duk laka ta shiga layukansu. Dada tana fama da kwasar ruwa da kwano da ceton buhun dawa, ko juyowa ba ta yi ba ta ce duk abin da ya jiƙe a kai shi rana. Haka muka taso. Tabarma in ta jiƙe rana, hatsi rana, littafi rana, allo ma in an wanke a jingine shi a rana. A gidanmu rana ce maganin duk wani abu mai laima. Na wanke faya-fayan ɗaya bayan ɗaya da ruwan rijiya, da tafin hannu, a hankali kamar yadda nake wanke allona, har ina jin daɗin yadda suke sheƙi. Na nema musu wurin da ya fi ko'ina samun rana kuma kaji ba sa kaiwa, wato rufin ɗakin girki. Na sauko ina ganin na yi wa Baba abin kirki.

Da na ga abin da ya faru, na naɗe su a zanena na sauko na cusa bayan randa. La'asar ta yi, na leƙa ɗaki na ga idon Baba a kan ƙofa. Dada ta dama kunu ta ce ina faifan. Na ce bai bushe ba. Ƙaryar farko da na yi mata da sanina ke nan, kuma har yau in na tuna sai na nemi gafarar Allah. Ta gwada ba Baba haka nan, ya danne haƙora. Kunun ya huce a kwano, kaji suka shanye.

Ni kuma na shiga neman gyara da irin hankalin 'yar shekara goma. Na san kowane faifai da launin takardar da ke tsakiyarsa, don haka na ware Komawa Gida gefe, na ce ba zan taɓa shi ba sai na gano dabarar a kan sauran. Na ɗauki Gardamar Ƙaho Biyu na sa a ƙarƙashin dutsen niƙa, na ɗora turmi a kai, na ce nauyi zai miƙar da shi. Da safe na ɗaga na tarar ya tsage gida uku. Ranar Juma'a, da Dada ta shiga wanka, na zuba garwashi a dutsen guga, na shimfiɗa tsumma a kan Yayyafi na goga kamar yadda ake goge rigar makaranta. Ya miƙe kam. Amma da na ɗaga tsumman sai na ga layukan da allura ke bi sun shafe, wurin ya yi sumul kamar bayan cokali, ga wani wari mai hawa kai. Na zauna a bakin murhu na cusa zane a baki don kada a ji kukana. Na gwada ɗora Kasuwa Ta Watse a kan garmahon a zaure, ya riƙa tashi yana faɗawa, allurar tana tsalle tana ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. La'asar ta biyu ta zo, na ce batir ne ya yi sanyi. Dada ta dube ni ta daɗe. Baba bai ci ba. A ranar na yi addu'o'in da ban san na iya ba. Na yi alkawarin azumi, na yi alkawarin daina carafke har abada, na roƙi Allah ya mayar da hantsin Alhamis ko da na ɗan lokacin da zan hau tsani in sauko.

Ran Asabar da safe na shiga kai ruwan alwalar Dada na ga leɓunan Baba sun tsattsage, idonsa ya faɗa ciki, ko ƙofar ma ya daina kallo. Na fita na ɗauko ƙunshin daga bayan randa, na kwance a gabanta a tsakar gida, na durƙusa na miƙa mata bulalar da ake kora akuya da ita. Ta kalli faya-fayan, ta kalli rufin ɗakin girki. Ta karɓi bulalar ta ajiye gefe. "Ni na ce a kai rana," ta ce. "Tashi, ɗauko mini mayafina." Dada ba mai zuwa kasuwa ba ce, a shekara ba ta fi sau biyu ta taka can ba, amma a ranar ta bar Baba a hannun maƙwabciya, muka kama hanya tana gaba ina baya da ƙunshin a kai, muna tsallake kududdufai.

Wurin Yohanna mai gyaran rediyo muka je, wani mutumin Kona mai furfura da tabarau ɗaure da zare. Shi ke canza wa garmahon allura tun ban da wayo, Baba yana kiransa likita, shi kuma yana kiran Baba direban gwamna. Ya juya faya-fayan a hannu yana girgiza kai. "Kai yarinya," ya ce da irin Hausarsa, "wannan abu ba ya son rana. Ko mutum ka sa a kan kwano zai lanƙwashe." Uku ya ture gefe ya ce sun mutu: wanda ya tsage, wanda na goge, da Tafiyar Agwagwa da ya bi shacin kwano. Dada ta gaya masa kwana nawa Baba bai ci ba da kuma dalili. Ya cire tabarau. Sannan ya ce akwai dabara ɗaya da ya taɓa gani, zafin ranar da ya lanƙwasa faifai shi zai iya miƙar da shi, amma ba ya ɗaukar alkawari. Ya kwashe rediyoyin da ke cikin akwatin gilashin da yake baje kaya, ya zare gilashi biyu daga jikinsa da sukudireba, ya wanke su, ya sa faifai a tsakani kamar ana danne takarda, ya fito da shi rana a ƙofar shago.

Matsalar ita ce lokaci. In ya yi kaɗan ba zai miƙe ba, in ya wuce layukan su narke. Agogon Yohanna kuwa yana cikin kayan da ke jiran gyara. Ya tambaye ni ko na haddace wani abu mai ɗan tsawo a makarantar allo. Na ce akwai surar da muka gama biyawa. "To karanta naka karatu, kada ka yi gudu. In ka kai ƙarshe sau biyu mu ɗauke." Haka na tsuguna a bakin kwata, a tsakiyar kasuwa, masu doya da masu amalanke suna wucewa suna kallonmu, ina karatu, shi kuma Yohanna, Kirista dattijo, yana tsugune kusa da ni yana taɓa gilashi da bayan hannu. Da Kasuwa Ta Watse muka fara. Da na kai ƙarshe karo na biyu ya kinkime shi zuwa inuwa ya ɗora tsohon batirin mota a kai. Sannan ya karɓo wani gilashin a shagon maƙwabcinsa, aka yi wa Komawa Gida. A wannan karon sai da na sake farawa, don kuka ya sarƙe ni a tsakiya, ban kuma sani ba ko wannan jinkirin ya ƙara wa ɓarnar wani abu. Yohanna ya ce kada a taɓa su sai sun kwana sun huce. Muka koma gida hannu wofi. La'asar ta uku ta wuce, Dada tana ɗiga wa Baba ruwa da auduga.

Ran Lahadi bayan azahar Yohanna ya yi sallama a zaure, a kan kekensa, da kayan cocinsa a jiki. Faifai ɗaya ya kawo, naɗe cikin farin ƙyalle. Ya ce Kasuwa Ta Watse bai yi ba. Komawa Gida ya miƙe, farkonsa yana fita, amma akwai wani tudu da ya ƙi kwanciya, kuma a daidai inda ƙaho ke shigowa yake. Ya gwada duk yadda ya iya, allura ba ta haye shi. Dada ta yi masa godiya daga bayan labule da Hausa da Fulatanci, shi kuma ya ce a gaishe da direban gwamna, a ce masa likita yana jiran ya zo ya yi masa tsiya.

Bayan la'asar na kai garmahon ɗaki. Ba kwalin da zan karanta, don haka na faɗi sunan da ka. Baba ya buɗe ido. Garayar nan mai kauri ta fara takunta, tana ɗan rangaji kamar mai ciwon ƙafa, fiyano ya ɗiga, yatsan Baba ya motsa. Dada ta ɗebo kunu ta riƙe cokalin a sama tana jira. Sai allura ta kai tudun ta yi tsalle ta koma baya. Ta sake zuwa ta sake komawa. Sauti uku suka riƙa maimaituwa, ƙahon bai zo ba. Baba ya juyo da ido ya kalli faifan yana ɗan tashi yana faɗawa, ya daɗe yana kallo, sannan ya kalle ni. Ya gane. Hawaye ya gangaro daga idonsa na hagu zuwa kunne, ya rufe ido ya danne haƙora. Na ɗaga allurar. Ba abin da ake ji a ɗakin sai ɗigar ruwa daga indararo.

Ban yi tunani ba, ban kuma san daga ina ya zo mini ba. Na rufe baki na fara yin ƙahon da hanci. Na ji shi sau ɗari ko fiye, tun ina kan cinyar Baba, yana nan a cikina kamar karatu. Na shigo a hankali kamar yadda yake shigowa, na bi shi gaɓa gaɓa. Na zo wani wuri na ɗaga sauti sama. Sai na ji wani gurnani daga tabarma. Na tsaya. Baba ne, idonsa a buɗe, girarsa ta hagu a tattare irin yadda yake yi in na haɗa baƙi ba daidai ba. Ya sake yin sautin daga maƙogwaro, ƙasa-ƙasa, ya ja shi ya saukar. Wata uku ba mu ji kome daga bakinsa ba, abin da ya fara fitowa kuma gyara ne. Na koma baya na yi wurin yadda ya nuna, na saukar maimakon in ɗaga. Girar ta saki. Yatsan ya koma bugun tabarma. Dada ta ce mini a hankali, "Kada ki tsaya, 'yata," ta kai cokali. Ya karɓa. Na kai ƙarshe na sake farawa, na sake, har maƙogwarona ya bushe, har ya sha cokali bakwai ladan ya yi gyaran murya.

Haka muka ci gaba. Kullum in sa faifan ya yi farkonsa, in ɗaga allura kafin tudun, in ƙarasa da bakina. Daga baya na riƙa yi masa abin da na tuna na sauran huɗun, yana gyara ni da gurnani. Magana ba ta dawo ba, hannun dama bai tashi ba, amma ya ci abinci har wata daminar ta zo ta wuce, ya rasu bayan an cire gyaɗa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Dada. Sau ɗaya na durƙusa na ce ya yafe mini shanyar da na yi. Ya miƙo hannun hagu ya kama kunnena ya ɗan murɗa, sannan ya bar hannun a kaina. Na ɗauka horon da yafiyar ne ya haɗa mini wuri guda.

Yanzu ina zaune a Abbare, na yi jikoki, gonar hanyar Kona kuma gidaje ne da shaguna. Kwalayen biyar suna nan a akwatina, na sake rubuta sunayen da ajami da hannuna a ƙarƙashin tabon tawadar Baba. Bara wani jikana ya gan su, ya ɗauki hotonsu da waya, kafin shayina ya huce ya nemo duka biyar ɗin. Ya karanta mini sunayensu na asali da na makaɗan, ya ce mutanen duniya har yau suna yabon shekarar. Sunayen ba su zauna mini ba, na Baba na riƙe. Na ce ya sa mini na biyar, bayan la'asar. Garayar ta taka ba rangaji, fiyano ya ɗiga, ba tudu ba tsalle, kuma da aka zo wurin sai na ji hancina ya fara tun kafin ƙahon. Muka tafi tare da shi har gaɓar nan, na saurara da kyau. Ya sauka ƙasa, daidai yadda Baba ya gyara mini. Yaran yanzu ba abin da zai lanƙwashe musu a rana, duk abin da suka so ji yana aljihunsu, kuma ina taya su murna. Amma na ce wa yaron ya kashe, na ƙarasa sauran da bakina. A haka na fi jin Baba a ɗakin.